Nettie Stevens da Ƙwaron Gari

Ran da aka yi haihuwa a gida, abin da maƙwabta su kan fara tambaya shi ne, me aka samu, mace ko namiji. A nan unguwarmu ta Madabo, da sauran unguwannin birnin Kano, kun sha jin labarin matar da ta haifi 'ya'ya mata uku ko huɗu a jere, dangin miji suka sa ta gaba da gori, wai ita ba ta haihuwar maza. Wata a kan yi mata kishiya saboda haka, wata kuwa har aurenta ya mutu. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa Allah ne ke ba wanda ya so mace, ya ba wanda ya so namiji. Amma hanyar da ya tsara abin ke bi cikin jiki ta daɗe a ɓoye. Cikin mutanen farko da suka gan ta da ido akwai wata malamar makaranta ta ƙasar Amurka, sunanta Nettie Stevens.

An haife ta ran 7 ga watan Yuli, 1861, a wani ɗan gari wai shi Cavendish, cikin jihar Vermont. Ubanta kafinta ne. Tana da shekara biyu uwarta ta rasu. Uban ya sake aure, ya tashi da iyalinsa zuwa garin Westford, ya sa ta makaranta ita da ƙanwarta. Yarinyar ga ƙwaƙwalwa, ga naci, kullum tana cikin na gaba a ajinsu.

A zamanin nan ko a ƙasar Turawa mace mai ilmi ba ta da hanyoyi da yawa. Jami'o'i da dama ba su karɓar mata, aikin da a kan ba su kuwa bai wuce koyarwa da jinya da tsaron ɗakin karatu ba. Saboda haka Nettie ta shiga makarantar horon malamai ta Westfield. Karatun da a kan yi cikin shekara huɗu, ita cikin shekara biyu ta gama shi, ta fita a 1883. Daga nan ta yi wajen shekara goma sha uku tana koyarwa, wani lokaci tana tsaron ɗakin karatu, tana tara 'yan kuɗinta kaɗan kaɗan. Sai a 1896, tana da shekara 35, ta sami shiga jami'ar Stanford a Kaliforniya, ta zauna aji ɗaya da sa'o'in yaran da ta koyar. Sa'an nan ta wuce kwalejin mata ta Bryn Mawr, aka aika ta ƙaro ilmi Italiya da Jamus, ta sami digirin dakta a 1903.

To, kafin ku gane aikinta, sai kun san wani abu. Kamar yadda a ke gina soro da tubali, haka jikin mutum da na dabba da na itace an gina shi da waɗansu 'yan ƙwayoyi, ana ce da su ƙwayoyin halitta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai waɗansu abubuwa kamar guntayen zare, masana na kiransu kuromosom. Su ne ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ɗa ya kan sami rabinsu daga ƙwan uwa, rabi daga irin uba.

A lokacin Nettie masana ba su san abin da ke sa a haifi mace ko namiji ba. Waɗansu suka ce abincin da uwa ta ci ne, waɗansu suka ce zafi ne ko sanyi. Ita kuwa ta ce a ranta gani ya kori ji. Ta samo wani baƙin ƙwaro wanda tsutsarsa ke zama cikin gari da dusa. Ta riƙa yanka sassan jikinsa sala-sala, waɗanda ba su kai kaurin takarda ba, ta rina su don zaren ya fito sosai, ta sa a madubi, ta ƙirga, ta zana abin da ta gani.

Ga abin da ta samu. A ƙwayar jikin tamata akwai zare 20, dukansu manya. A ta namijin ma 20 ne, amma 19 manya, ɗaya ɗan ƙarami. Da ta duba irin namijin, sai ta ga kashi biyu ne: wani yana da manya 10, wani kuwa manya 9 da ɗan ƙaramin nan. Ƙwan tamata kuwa ko yaushe manya 10 ne. Watau in iri mai manya 10 ya gamu da ƙwai, mace za a samu, in mai ɗan ƙaramin ne, namiji. Ta buga wannan bayani a 1905. Yanzu babban zaren ana ce da shi X, ƙaramin kuwa Y.

Bayan shekaru aka duba jikin ɗan Adam. A 1956 aka tabbatar zarensa 46 ne, a 1959 kuma aka tabbatar Y ne ke sa a haifi namiji. Mace ba ta da Y, daga wajen uba ya ke zuwa. Shi uban ma ba shi da ikon zaɓe. Kun ga ashe matar da a ke yi wa gori ba ta da laifin kome.

Amma kada ku zaci Nettie ta sami yabo nan da nan. A shekarar nan ta 1905 wani babban malami, Edmund Wilson na jami'ar Columbia, shi ma ya gano kusan haka a jikin waɗansu ƙwari dabam. Da ya ke shi sananne ne, littattafai da yawa sai suka riƙa ambatonsa, suka bar ta. Malaminta ma, Thomas Morgan, sai da ya yi shekaru kafin ya yarda. Ita dai ba ta fasa ba, ta yi ta duban ƙwari da ƙudaje iri iri tana ƙara hujja. Daga baya Bryn Mawr ta shirya mata kujerar farfesa, amma ba ta hau ba. Ciwon dajin nono ya kama ta, ta rasu a birnin Baltimore ran 4 ga watan Mayu, 1912, tana da shekara 50.

Bayanta mata suka yi ta shiga wannan fage. Barbara McClintock, wadda ta yi bincike kan zaren masara, ta sami kyautar Nobel a 1983. Elizabeth Blackburn da Carol Greider suka same ta a 2009, tare da wani abokin aikinsu, saboda aikin da suka yi kan bakin zaren nan. A Jami'ar Bayero ta nan Kano ma 'yan mata na karanta wannan ilmi. Duk da haka da sauran aiki, don har yanzu a kan cire yarinya mai ƙwazo daga makaranta tun ba ta taɓa leƙa madubin likita ba.

Madabo ta yi suna da ilmi tun zamanin Wangarawa. Ku 'yan mata, ku riƙe littafinku, ku tuna Nettie ba ta ce ta makara ba. Ku kuma samari, in kun girma Allah ya ba ku 'ya mace, ku yi murna, ku yi wa uwarta barka, ku sa yarinyar makaranta.