JIM CORBETT, MAHARBIN DA YA KOMA ƊAUKAR HOTO

A ƙasar Indiya akwai wani naman daji da ake kira taiga. Dangin damisa ne, sai dai jikinsa ratsi-ratsi ne ba roɗi-roɗi ba, ƙasaitaccensa kuwa ya kan fi zaki nauyi. Yau za mu ba masu karatu labarin wani mutum wanda ya yi suna wajen harbin wannan dabba, daga baya ya koma ɗaukar hotonta na majigi da neman a kiyaye ta, watau Jim Corbett.

An haife shi ran 25 ga Yuli, 1875, a Naini Tal, wani gari bisa duwatsun Kumaon a arewacin Indiya. Iyayensa Turawa ne, amma gidansu ya daɗe da zama a ƙasar. Ubansa, wanda shi ne shugaban gidan wayar garin, ya rasu tun Jim yana ƙarami. Da sanyi su kan sauka ƙauyen Kaladhungi da ke bakin kurmi, a nan yaron ya koyi sawun namun daji da kukansu, har ya iya kwaikwayon muryar taiga. Da ya bar makaranta ya kama aikin reluwe, ya yi kimanin shekara 20 a Mokameh Ghat, bakin kogin Ganges, yana kula da ƙetarar da kaya.

Cikin 1907 aka neme shi ya tafi Champawat, inda wata macen taiga ta hana mutane noma da itace. An lasafta ta cinye mutum 436 tsakanin ƙasar Nepal da Kumaon. Kafin ya tashi ya sa sharaɗi a janye ladan da Gwamnati ta sa a kanta. Da ya harbe ta ya duba bakinta, sai ya tarar fiƙoƙinta biyu a karye, raunin wata tsohuwar bindiga. Ashe wani ne ya harbe ta bai kashe ba, ta kasa kama naman dawa, ta juyo kan 'yan Adam.

Wannan abu ya yi ta ganinsa a sauran farautarsa. Yawancin taigar da ke cin mutane, ko dai tsufa ya kama ta, ko harsashi ya nakasa ta, ko ƙayar beguwa ta ruɓar mata da ƙafa. Bai daina taimakon talakawa ba. Shi ya kashe damisar Rudraprayag cikin 1926, bayan ta shekara 8 tana ɓarna a hanyar masu ziyara, ta ci mutum 125. Amma ya gane laifin mai harbin ganganci ya fi na dabbar, ga shi kuma ana ta sare kurmi, taiga na ƙarewa.

Cikin 1927 wani ma'aikacin gandun daji abokinsa, F. W. Champion, ya fitar da littafin hotunan taiga da ya ɗauka a dawa. Wannan ya ja hankalin Corbett, ya sami kyamarar majigi. Aikin ya fi harbi wuya. Maharbi na iya harbi daga nesa ko da duhu-duhu, mai hoto kuwa tilas ya matso kusa, da rana tsaka, ga kuma ƙarar kyamara tana korar dabbar. Ya yi wajen shekara 10 yana fama. Daga baya ya yi dabara: ya sami wani kwari mai ɗan rafi, ya datse ruwan wuri-wuri don ƙarar zubowarsa ta danne ta kyamara, sa'an nan ya riƙa jawo dabbobin da nama sannu-sannu. Bayan fiye da wata 4 yana kwanto, ya sami hoton manyan taiga 6. Ra'ayinsa shi ne fata a bango mai ita kaɗai ke jin daɗinta, hoto kuwa na kowa ne, dabbar ma tana nan da ranta.

Ya riƙa zaga makarantu yana yi wa yara bayanin daji. Yana kuma cikin waɗanda suka taimaka aka keɓe gandun namun daji na farko irin na ƙasa a Indiya cikin 1936, aka sa masa sunan Gwamna Hailey. Lokacin Yaƙin Hitila ya koya wa soja zaman kurmi. Littafinsa, Man-Eaters of Kumaon, ya fito cikin 1944, aka juya shi cikin harsuna da yawa.

Cikin 1947 ya ƙaura zuwa Nyeri ta ƙasar Kenya tare da 'yar'uwarsa Maggie, don bai taɓa aure ba. A can ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1955. Ba a daɗe ba Gwamnatin Indiya, wadda ta riga ta sami mulkin kai, ta mai da sunan gandun nan Corbett. A cikinsa aka ƙaddamar da shirin ceton taiga cikin 1973, ƙidayar 2022 kuwa ta nuna akwai taiga fiye da 3,000 a Indiya.

Muna ganin labarin nan ya cancanci malamai su karanta wa yara. Corbett ya gwanance da bindiga har ba na biyunsa a Kumaon, amma da ya duba bakin dabbar da ya kashe ya ga aikin ɗan Adam, bai ji kunyar sake hanya ba.