Bruce Lee: ɗan kunfu da ya koma makarantar ƴan boksin

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Yamai, Damagaram ko Garwa ya san ihun Bruce Lee da saurin ƙafarsa. Kaɗan ne suka san cewa mutumin ya shafe shekaru yana fama da tambaya guda: shin tare naushi da hannu, yadda ake koyarwa a kunfu da karate, yana aiki a gaban ɗan boksin?

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1940 a San Francisco ta Amurka, lokacin da mahaifinsa, ɗan wasan kwaikwayo, ke rangadi a can. A Hong Kong ya girma, yaro mai rigimar titi. Yana matashi ya shiga hannun Ip Man, malamin salon Wing Chun. Wannan salo na faɗan kusa ne: ka manna hannunka da na abokin karawa, ka ji inda ƙarfinsa ya nufa, ka kawar da shi gefe, ka bi ta tsakiya da naushi a jere. A 1958 ya shiga gasar boksin ta makarantu ya kuma lashe ta, bayan ya doke Gary Elms. A 1959 iyayensa suka tura shi Amurka, ya zauna a Seattle, ya fara koyar da kunfu.

Abin da ya girgiza shi ya faru a Oakland a ƙarshen 1964, inda ya kara da wani gwanin kunfu, Wong Jack Man. Har yau ana jayayya kan yadda faɗan ya kaya. Shi dai Lee ya fito ba ya jin daɗi: faɗan ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya zata, numfashinsa kuma ya ƙare.

Daga nan ya duƙufa kan boksin. Ya karanta littafin tsohon zakara Jack Dempsey, ya riƙa kallon finafinan Muhammad Ali yana nazarin takunsa. Abin da ya gano mai sauƙin faɗi ne. Tarewa ta gargajiya, wadda ake ɗaga damtse a kare sannan a rama, an gina ta ne don hari guda mai tsawo, wanda maharin ke barin hannunsa a miƙe. Ɗan boksin ba ya barin hannu. Yana jefa gajeren naushi ya janye nan take, na biyu na biye, na uku ya zagayo ta gefen kunne. Kafin ka tare ɗaya, biyu sun sauka, hannun da ka kai tarewa kuma ya bar fuskarka a buɗe. Ɗan boksin shi kansa kauce wa naushi yake da kai, ya ja da baya taku ɗaya, ko ya ɗan goge naushin da tafin hannu ya wuce.

Lee bai zubar da Wing Chun duka ba. Ya riƙe gajeriyar kawarwa da tafi, ya ɗauki takun boksin, ya ƙara dabarar masu wasan takobi na Turai, wadda yayansa Peter ya sani: ka soki maharin tun yana shirin kawo hari. A 1967 ya raɗa wa hanyar suna Jeet Kune Do, wato hanyar dunƙulen da ke tare hari tun a hanya. Ya kuma sa hannunsa mai ƙarfi a gaba, akasin ɗan damben gargajiya da ke miƙa garkuwa ya ɓoye mashi a baya. Ya dage almajiransa su sa safar dambe su daki juna da gaske, abin da malaman kunfu da dama ba su so ba.

Raunin baya da ya samu a 1970 ya kwantar da shi watanni, inda ya rubuta yawancin bayanan da aka buga a 1975. Finafinan da suka ɗaukaka shi, daga The Big Boss na 1971 zuwa Enter the Dragon, cikin shekaru biyu kacal aka yi su. Ya rasu a Hong Kong ranar 20 ga Yuli 1973 sakamakon kumburin ƙwaƙwalwa, yana da shekaru 32, ya bar mata da ƴaƴa biyu. An binne shi a Seattle.