Rayuwar Marc Chagall: Yadda Ƙauna da Yaƙi Suka Gina Zanensa

Gabatarwa

Mu ɗaliban adabi mun saba da bin diddigin rayuwar mawaƙi domin mu gane abin da ya sa waƙarsa ta fito yadda ta fito. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a gwada irin wannan nazari a kan wani mai fasaha wanda fenti da buroshi ne kayan aikinsa, watau Marc Chagall, ɗaya daga cikin mashahuran masu zanen hotuna na ƙarni na 20. Duk wanda ya dubi zane-zanensa zai ga abubuwa kaɗan ne yake ta maimaitawa: ƙananan gidajen katako, da akuya ko saniya, da mai goge a kan rufin ɗaki, da ango da amarya suna shawagi a sararin sama. Abin da za mu nuna shi ne, waɗannan siffofi sun zauna tare da shi shekaru fiye da 70, amma ma'anarsu ta yi ta sauyawa gwargwadon abin da ƙauna da yaƙi suka yi masa.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Chagall a watan Yuli na 1887, ya kuma tashi a garin Vitebsk, wanda a lokacin yake cikin daular Rasha, yanzu kuwa yana ƙasar Belarus. Sunansa na yanka Moishe, kuma shi ne babba cikin 'ya'ya 9. Iyayensa Yahudawa ne talakawa masu riƙo da addini. Uban lebura ne a wajen wani fatake mai sayar da kifi, aikinsa ɗaukar gangunan kifi masu nauyi, uwar kuwa tana da ɗan kanti a gida. A wancan zamani dokar Rasha ta keɓe wa Yahudawa yankin da za su zauna, ta kuma ƙuntata musu shiga makarantun gwamnati, har sai da uwarsa ta ba da toshiyar baki kafin a karɓe shi.

Al'ummar da ya fito daga cikinta ba ta ɗauki zanen siffar mutum a matsayin sana'ar kirki ba, saboda haka zaɓin da ya yi ya ba iyayensa mamaki. A 1906 ya fara koyo a wajen Yehuda Pen, wani mai zane na garinsu, sa'an nan ya wuce birnin Petersburg, inda Bayahude ba ya zama sai da takardar izini. Ya sha wuya ƙwarai a can, amma ya sami karatu a hannun Léon Bakst, wanda ya buɗe masa ido game da sababbin salon zane na Faransa.

Haɗuwa da Bella da Zaman Faris

A 1909, lokacin da ya zo gida ganin dangi, ya haɗu da Bella Rosenfeld, 'yar wani attajiri mai sayar da kayan ado na zinariya. Yarinya ce mai ilmi, ta yi karatu a Mosko, kuma iyayenta ba su ga dalilin da za su ba ɗan lebura 'yarsu ba, balle wanda ba shi da sana'a sai shafa fenti. Duk da haka su biyun suka ƙulla alkawari, suka jira shekara 6.

Cikin wannan jira ne ya tafi Faris, ya kama ɗaki a wani gida na matalautan masu fasaha da ake kira La Ruche. A nan ya ga yadda su Picasso suke farfasa siffa zuwa kusurwoyi, da yadda wasu suke zuba launi mai ƙarfi ba tare da kula da launin abu na zahiri ba. Ya ɗauki dabarunsu, amma abin da ya zana da su garinsu ne. Shahararren zanensa na 1911 mai suna Ni da Ƙauye ya isa misali: fuskar dabba da fuskar mutum koriya suna kallon juna ido cikin ido, a kumatun dabbar ga wata mace tana tatsar nono, can baya ga gidaje biyu a kife. Mai kallo zai gane cewa haka abu yake zuwa a zuciyar wanda ke kewar gida, babba da ƙarami a cakuɗe, ba tsari na kusa da nesa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya da Juyin Mulki

A 1914 aka yi nunin zane-zanensa a Berlin. Daga can ya zarce Vitebsk da niyyar ya yi 'yan watanni, sai yaƙi ya ɓarke, iyakoki suka rufe, ya zauna a Rasha har shekara 8. Abin mamaki, wannan ɗauri da yaƙi ya yi masa shi ya ba shi abin da yake nema, domin a watan Yuli na 1915 aka ɗaura aurensa da Bella, a 1916 kuma suka haifi 'yarsu Ida. Bai je fagen fama ba, ya yi aikin akawu a wani ofishin yaƙi a Petersburg ƙarƙashin ɗan'uwan matarsa. Amma ya ga sojoji masu raunuka da 'yan gudun hijira a tashoshin jirgin ƙasa, ya kuma zana su da baƙin tawada, ba ado.

A waɗannan shekaru ne siffar masoya masu tashi sama ta kafu a zanensa. A zanen da ya kira Ranar Haihuwa, na 1915, Bella na riƙe da furanni cikin ɗan ɗaki, shi kuwa ya tashi daga ƙasa ya lanƙwasa wuya ya juyo gare ta, kamar ba ƙashi a jikinsa. A wani kuma su biyun suna shawagi bisa rufin gidajen Vitebsk da shingayen katako. A nan tashi sama alama ce ta farin cikin da ya fi ƙarfin jiki, kuma abin lura shi ne an yi waɗannan zane-zane ne a daidai lokacin da miliyoyin mutane ke mutuwa a ramukan yaƙi.

Juyin juya halin 1917 ya soke dokokin da suka ƙuntata wa Yahudawa, don haka Chagall ya yi maraba da shi. A 1918 aka naɗa shi kwamishinan fasaha na Vitebsk, ya kafa makarantar zane. Ba a daɗe ba saɓani ya shiga tsakaninsa da Kazimir Malevich, wanda ke ganin zanen zamani ya kamata ya zama murabba'i da da'ira kawai. Ɗalibai suka bi Malevich, shugabannin gurguzu kuma ba su ga abin da koriyar saniya za ta amfana wa juyi ba. A 1920 ya koma Mosko, ya ƙawata bangon gidan wasan kwaikwayo na Yahudawa, ya kuma koyar da marayun yaƙi. A 1922 ya bar Rasha. Da ya isa Berlin ya tarar an sayar da zane-zanen da ya bari, kuɗin kuwa hauhawar farashi ta mai da su banza. Wannan ya sa bayan ya koma Faris a 1923 ya zauna yana sake zana wasu daga cikinsu da ka.

Zuwan Nazi da Gudun Hijira

Shekarun da suka biyo baya na kwanciyar hankali ne, har ya sami zama ɗan ƙasar Faransa a 1937. Amma a wannan shekara ce gwamnatin Hitler ta kwashe zane-zanensa daga gidajen tarihi na Jamus, ta baje wasu a birnin Munich cikin nunin da aka shirya don a yi wa fasahar zamani ba'a. A watan Nuwamba na 1938 aka ƙone majami'un Yahudawa da kantunansu a duk faɗin Jamus. A wannan shekara Chagall ya yi zanen da ake kira Farin Gicciye, wanda yanzu yake birnin Chicago. Ya ɗauki siffar gicciye wadda Kirista suka sani, ya ɗaura wa wanda ke kansa mayafin addu'a na Yahudawa, kana ya kewaye shi da majami'a tana ci da wuta, da gidaje a kife, da kwalekwale cike da masu gudu, da wani mutum rungume da naɗin Attaura. Gidajen da suka kife a 1911 don mafarki, a nan mahara ne suka kifar da su. Mutanen da ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa kuwa gudun tsira suke yi.

Shi kansa ya yi jinkirin gane haɗarin. Bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940 yana zaune a ƙauyen Gordes a kudu, yana ganin takardarsa ta ɗan ƙasa za ta kare shi. A watan Afrilu na 1941 'yan sanda suka kama shi a Marseille tare da wasu Yahudawa, sai da wani Ba'amurke mai aikin ceto, Varian Fry, ya sa baki aka sake shi. Shi da Bella suka bi ta Sifen da Lisbon, suka sauka New York ranar 23 ga Yuni, 1941, kwana ɗaya bayan Jamus ta afka wa Rasha. Cikin 'yan makonni Vitebsk ta faɗa hannun Jamusawa, aka karkashe Yahudawan da suka rage a cikinta, garin kuma ya zama kango kafin yaƙin ya ƙare.

Rasuwar Bella

Ranar 2 ga Satumba, 1944, 'yan kwanaki bayan an 'yantar da Faris suna shirin komawa, Bella ta rasu sakamakon wata cuta da ta kama ta farat ɗaya, a lokacin da magunguna suka yi ƙaranci saboda yaƙi. Shekara 29 suka yi da aure, kuma ita ce take fara duba kowane zane kafin ya ce ya gama. Ya juya zane-zanensa suka fuskanci bango, ya yi kusan wata 9 bai taɓa buroshi ba. Abin da ya yi a wannan lokaci shi ne taimaka wa Ida wajen fitar da littafin da Bella ta rubuta da harshen Yidish game da ƙuruciyarta a Vitebsk.

Da ya koma aiki a 1945, sai ya ɗauko wani tsohon babban zane ya yanka shi biyu, ya sake fasalin kowane ɓari. A ɗaya daga ciki, mai suna Kewaye da Ita, shuɗi mai duhu ya rufe ko'ina, ga mace tana kuka, ga mai zanen kansa a juye, a tsakiya kuwa ga Vitebsk cikin wata da'ira kamar wata. Daga nan garin da matar suka zama abu guda a zanensa, domin dukansu ba inda zai same su sai a ƙyallen zane.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya koma Faransa a 1948, ya auri Valentina Brodsky a 1952, amma amaryar da ke shawagi ba ta bar zanensa ba. A tsufansa ya juya ga tagogin gilashi masu launi da manyan ayyuka: tagogi 12 na asibitin Hadassah a Ƙudus a 1962, da tagar zaman lafiya a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1964, da rufin gidan waƙe-waƙe na Faris a wannan shekara. A 1973 ya ziyarci Mosko bayan shekara 51, amma bai je Vitebsk ba, da yake garin da ya sani babu shi. A 1978, yana da shekara 91, ya fara yi wa wata coci a birnin Mainz na Jamus tagogi, a ƙasar da ta taɓa tozarta aikinsa, domin alamar sulhu. Ya rasu ranar 28 ga Maris, 1985, a Saint-Paul-de-Vence, yana da shekara 97.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa siffa ɗaya ta ɗauki ma'ana uku a hannun Chagall. Tashi sama a 1915 murnar ango ce, a 1938 gudun mai neman mafaka ne, bayan 1944 kuwa tunawa ce da waɗanda suka riga mu. Wannan darasi ne ga mai nazarin waƙa, domin ba ya isa a ƙirga kalmomin da mawaƙi yake maimaitawa, sai an tambayi shekarar da ya faɗe su da halin da yake ciki a lokacin.