Makauniyar da ba ta yi kukan ido ba

Yau zan ba ku labarin wata mata mai suna Fanny Crosby, mutuniyar Amurka, wadda ta shekara 94 a duniya cikin makanta.

An haife ta ran 24 ga Maris, 1820, a wani ƙauye na jihar New York. Tana da mako shida da haihuwa aka gane ba ta gani, kuma kafin ta cika shekara ɗaya mahaifinta ya rasu. Uwarta ta shiga aikatau a gidajen mutane, sai rainonta ya koma hannun kakarta. Wannan tsohuwa ba ta zauna tana yi mata kuka ba. Takan kwatanta mata furanni da tsuntsaye da faɗuwar rana, tana karanta mata littafi har ta haddace. Tana da shekara 8 ta tsara waƙarta ta fari, a kan cewa ta yarda da halin da take ciki.

A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, daga baya ta zama malama a wurin. A 1858 ta auri wani makaho mai koyar da kiɗa. Sun sami haihuwa sau ɗaya, jaririyar ba ta zauna ba. Duk da wannan rashi ta ci gaba da aiki, har ta tsara waƙoƙin addinin Kirista fiye da 8,000. A ka take shirya waƙa, sa'an nan ta faɗa wani ya rubuta. Abin da ta samu kuwa, yawancinsa ga talakawa ya tafi.

To, ga inda nake so ku lura. Ta bayyana cewa ko da za a yi mata tayin buɗe ido, ba za ta karɓa ba. Dalilinta shi ne, da tana gani, da ƙyale-ƙyalen duniya sun ɗauke mata hankali daga yabon Ubangijinta. Ba na cewa mai ciwon ido ya ƙi zuwa asibiti, domin neman magani wajibi ne. Amma abin da ba shi da magani, ita ta karɓe shi ta yi aiki da sauran baiwar da Allah ya bar mata. Ta rasu ran 12 ga Fabrairu, 1915.

Ke uwa, in kina da yaro makaho, ki yi koyi da kakar nan. Kada ki miƙa masa ƙoƙon bara, ki nema masa makaranta. Ke kuma 'yar makaranta mai ido biyu, mene ne uzurinki?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.