Gani Fawehinmi: Lauyan da talaka ke ɗauka ba da ko sisin kwabo ba

A shekarar 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, wani ma'aikacin kamfani a garin Jos ya yi kukan cewa sakataren gwamnatin Jihar Benuwai-Filato ya shiga tsakaninsa da matarsa. A wancan zamani na mulkin soja, kai ƙarar mai irin wannan muƙami tamkar jan wutsiyar zaki ne, ga shi kuma mai ƙarar ba shi da abin biyan lauya. Sai wani matashin lauya daga Legas, wanda shekararsa huɗu kacal da fara aiki, ya karɓi shari'ar kyauta. Gwamnatin Joseph Gomwalk ta so a janye maganar, lauyan ya ƙi. Daga ƙarshe jami'in ya bar kujerarsa, shi kuwa lauyan aka tsare shi watanni ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba. Wannan shi ne ɗanɗanon farko da Gani Fawehinmi ya yi wa gidan kurkuku, wurin da zai yi ta shiga yana fita har kusan shekara talatin.

An haifi Abdul-Ganiyu Oyesola Fawehinmi a garin Ondo ranar 22 ga Afrilu, 1938. Mahaifinsa, Saheed Tugbobo Fawehinmi, attajirin katako ne, kuma shi ke riƙe da sarautar shugaban Musulmin garin, wadda Yarabawa ke kira Seriki Musulumi, sunan da kunnen Bahaushe ba zai rasa gane asalinsa ba. Ya yi firamare a makarantar Ansar-Ud-Deen ta Ondo, ya wuce kwalejin Victory da ke Ikare, sannan ya ɗan taɓa aikin akawu a babbar kotun Legas kafin ya tafi Ingila karatun lauya a 1961.

Ɗan masu hali ne, amma a Landan ya san talauci. Mahaifinsa ya rasu a 1963, kuɗin da ake aika masa ya yanke, dole ta sa ya koma wankin ban-ɗaki a otal da shara a filin jirgin sama na Gatwick domin ya ci abinci ya kuma biya kuɗin jarrabawa. Ya kammala a 1964, ya dawo gida, aka rantsar da shi lauya a watan Janairun 1965. Bai daɗe a ƙarƙashin yayansa ba ya buɗe ofishin kansa.

Sai an san halin da ake ciki a lokacin kafin a gane nauyin abin da ya yi. Hukumar gwamnati mai bai wa marasa galihu lauya kyauta ba a kafa ta ba sai a 1976, kuma ko da aka kafa ta, laifuffuka ƙalilan doka ta ba ta izinin shiga. Wanda aka kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, ko ɗalibin da aka sallama, ko wanda jami'in tsaro ya ci wa mutunci, abin da ya rage masa shi ne haƙuri. Waɗannan su ne mutanen da suka riƙa cika ofishin Fawehinmi. Shari'un 'yan kasuwa da na masu kuɗi, daga baya kuma cinikin littattafan shari'a da yake wallafawa, su ne ke ɗaukar nauyin waɗanda ba a karɓi komai a hannunsu ba.

A 1971 ya tsaya wa ɗaliban Jami'ar Ibadan gaban kwamitin binciken da aka kafa bayan 'yan sanda sun harbe ɗalibi Kunle Adepeju. A 1973 kuma aka kama ɗan jarida Minere Amakiri a Fatakwal, aka yi masa askin wulaƙanci, aka zane shi da bulala, saboda ya buga labarin koken malaman makaranta a ranar da gwamnan soja Alfred Diete-Spiff ke bikin zagayowar haihuwarsa. Fawehinmi ya maka dogarin gwamnan a kotu, kotu kuwa ta umarci a biya ɗan jaridar diyya. A ƙasar da soja ke mulki da dokar-ta-ɓaci, wannan hukunci ya nuna wa mutane cewa kaki ba ya hana a tuhumi mai shi.

Shari'ar da ta fi shafar ɗaliban Arewa ita ce ta Jami'ar Maiduguri. Bayan tarzomar da aka yi a jami'ar a watan Fabrairun 1983, an kori ɗalibai da dama bisa zargin ƙone-ƙone da wawure dukiya. Sai dai wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'ar ne, kuma yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Fawehinmi ya bi maganar har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta yanke cewa mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da ta shafe shi, kuma zargin babban laifi irin wannan kotu ce ke da hurumin sauraronsa, ba kwamitin ladabtarwa ba. Har yau lauyoyi na kafa hujja da wannan hukunci duk lokacin da aka kori ɗalibi ko ma'aikaci ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Akwai wata katanga da ta fi rashin kuɗi tsawo, wato ƙa'idar hurumin shigar da ƙara. Bisa yadda kotuna suka fahimci hukuncin shari'ar Sanata Abraham Adesanya ta 1981, ba a sauraron mutum sai ya nuna cewa shi kansa abin ya cuta. Ma'anar haka ita ce, wanda aka cuta ba shi da ƙarfin zuwa kotu, wanda ke da ƙarfin kuma ba a ba shi izinin magana a madadinsa. Kisan Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bam ɗin da aka aika masa cikin ƙunshin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba, 1986, shi ya ba Fawehinmi damar dukan wannan katanga. Ya nemi ya gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da kansa, kamar yadda dokar Jihar Legas ta yarda a yi idan gwamnati ta ƙi. Kotunan ƙasa suka ce ba shi da hurumi. A watan Disambar 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da shi, domin aikata laifi abu ne da ya shafi kowane ɗan ƙasa, ba dangin mamaci kaɗai ba. Shari'ar kisan kanta ba ta kai ko'ina ba. Babu kotun da ta sami jami'an da laifi, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Amma ƙofar da aka buɗe ba ta sake rufuwa kamar da ba.

Wani aikinsa da ba a cika ambata ba, alhali yana iya fin sauran tasiri, shi ne mujallar hukunce-hukuncen kotu ta mako-mako, Nigerian Weekly Law Reports, da ya fara bugawa a 1985. Kafin ita, sabon hukuncin Kotun Ƙoli kan daɗe a hannun manyan lauyoyin Legas ƙalilan masu hanyar samunsa. Da ta fito, ƙaramin lauya a Gusau ko Yola ya sami makamin da babban lauya ke riƙe da shi, kuma wanda ya ci ribar haka shi ne talakan da ƙaramin lauya kaɗai yake iya ɗauka.

Ba mutum ne mai sauƙin zama da shi ba. Yana da zafin kai, kuma idan ya ɗauki matsaya ba ya duban wanda zai ɓata wa. A 1984, lokacin da Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta umarci 'ya'yanta su ƙaurace wa kotunan soja da gwamnatin Janar Buhari ta kafa don tuhumar 'yan siyasa, shi ya bijire, yana ganin waɗanda suka ci dukiyar jama'a ba su cancanci wannan kariya ba. Ƙungiyar ta sa sunansa cikin kundin waɗanda suka ci amanarta. Masu sukarsa sun ce mai kare haƙƙin ɗan Adam bai kamata ya halatta kotun da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta ba, kuma wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. An kuma zarge shi da son shari'un da jaridu ke bi. Abin da ba a taɓa iya zarginsa da shi ba shi ne gudun wahala.

A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kai shi kurkukun Gashuwa saboda ya shirya taron neman madadin shirin tsuke bakin aljihu, inda ya kwanta ciwo har aka garzaya da shi asibiti a Maiduguri. A 1995 ya jagoranci lauyoyin Ken Saro-Wiwa, suka janye da suka ga kotun musamman ɗin ba adalci za ta yi ba. A watan Janairun 1996 gwamnatin Janar Abacha ta kulle shi a kurkukun Bauchi har zuwa Nuwamba. Ƙarar da aka shigar kan wannan tsarewa ta haifar da hukuncin Kotun Ƙoli na 2000 game da matsayin Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam a dokokin Najeriya.

Ɗaliban jami'ar Ife sun riga sun naɗa shi Babban Lauyan Talakawa tun shekarun 1980, amma muƙamin Babban Lauyan Najeriya sai a 2001 aka ba shi, bayan ƙananansa da dama sun samu. A 2002, a shari'ar da ke ɗauke da sunan Alhaji Balarabe Musa, ya sa Kotun Ƙoli ta rushe yawancin sharuɗɗan da hukumar zaɓe ta gindaya wa ƙananan jam'iyyu. Ya yi takarar shugaban ƙasa a 2003 a jam'iyyarsa ta NCP, talakawan da suka cika masa ofis ba su cika masa akwati ba. A 2008 ya mayar wa gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa lambar girmamawa ta OFR, yana mai nuni da halin ƙuncin da jama'a ke ciki.

Ya rasu a Legas ranar 5 ga Satumba, 2009, yana da shekara 71, bayan fama da ciwon dajin huhu, aka binne shi a Ondo. Wata uku bayan rasuwarsa, ranar 1 ga Disamba, sababbin ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan Adam da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu suka fara aiki. A cikinsu an hana kotu korar irin wannan ƙara don kawai mai shigar da ita ba shi ne aka cuta ba, an kuma ba lauyoyi da ƙungiyoyi damar shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare ko wanda ba shi da hali. A 2018 gwamnatin Buhari ta ba shi lambar GCON, iyalinsa suka karɓa a madadinsa a Abuja.