Tarihin Ahnafu ɗan Ƙaisu, Wanda Ya Koyi Haɗiye Fushi

A wannan fitowa za mu leƙa birnin Basra na ƙasar Iraki, wurin wani bawan Allah da Larabawa suke buga misali da shi wajen haƙuri, wato Ahnafu ɗan Ƙaisu, shugaban ƙabilar Banu Tamim.

Ahnafu laƙabi ne, saboda an haife shi da karkatacciyar ƙafa. Maraya ya tashi, domin an kashe mahaifinsa tun yana ƙarami. Ya musulunta a zamanin Annabi (S.A.W.) amma Allah bai nufa sun gana ba, shi ya sa yake cikin Tabi'ai. Da ya zo Madina, Sayyidina Umar ya riƙe shi shekara guda cur yana lura da halinsa, sannan ya sallame shi da yabo. Daga baya ya ja runduna a yaƙoƙin Khurasan.

To, ba da haƙurin nan aka haife shi ba. Shi da kansa ya nuna cewa yana jin fushi kamar kowa, tilasta wa zuciyarsa yake yi har ta saba. Kuma yana da malami, wani sahabi ɗan ƙabilarsu, Ƙaisu ɗan Asim. Wata rana Ƙaisu yana zaune yana magana da jama'a, sai aka shigo da gawar ɗansa, ga kuma ɗan ɗan'uwansa a ɗaure, shi ya yi kisan. Ƙaisu bai tashi daga zamansa ba, bai yanke maganarsa ba. Sai da ya gama, ya yi wa yaron faɗa a kan ɓarnar da ya yi wa kansa da danginsa, sannan ya sa a kwance shi, a binne mamacin, a kora wa uwar mamacin raƙuma 100. Kun ji inda Ahnafu ya ɗauko darasi. Mu kuwa, alli kawai za a taɓa mana a aji, sai dambe.

Saura ku iyaye, ga naku. A lokacin halifancin Mu'awiya (41 zuwa 60 bayan Hijira), ransa ya ɓaci da ɗansa Yazidu har ya ƙaurace masa. Sai ya tambayi Ahnafu ra'ayinsa game da 'ya'ya. Ahnafu bai tsaya bin diddigin mai laifi ba. Ya tunatar da shi matsayin ɗa a zuciyar uba, ya ba shi shawara ya lallashe su idan sun yi fushi, ya ba su idan sun roƙa, kada ya tsananta har su gaji da shi su riƙa fatan mutuwarsa. Magana ce mai nauyi a gaban sarki, amma ta shiga. Fushin Mu'awiya ya huce nan take, ya aika wa Yazidu dirhami 200,000 da tufafi 200. Shi kuma Yazidu da ya ji wanda ya gyara tsakaninsu, sai ya raba kyautar biyu ya aika wa Ahnafu rabi.

Ahnafu ya rasu a Kufa lokacin da Mus'abu ɗan Zubairu ke mulkin Iraki, kuma Mus'abu da kansa ya taka da ƙafa ya raka gawarsa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.