SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO DA KABARINSA NA WURNO

Yau zan ɗan taɓo tarihin bawan Allah da ke kwance a Wurno, wanda zuriyarsa suka gine masa hubbare, har yanzu ana kai masa ziyara.

An haifi Muhammadu Bello a 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya kafa Sakkwato, daga baya Shehu ya koma can da zama. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, ya riƙe mulki shekara ashirin. Duk da hidimar yaƙi da mulki bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Infaƙul Maisuri a kan tarihin ƙasashen nan da jihadi, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, har a fannin magani ya yi rubutu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarsa shi ne ribaɗi. Gobirawa da mutanen Maraɗi da Abzinawa ba su daina kai hari ba. Bello ya ga cewa ƙasar da aka bari ba kowa, ita ce mafakar maƙiyi. Sai ya riƙa kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, yana ɗora 'ya'yansa da 'yan uwansa a kansu. Ya jawo Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, a yi masu masallaci, a ba su malami, yaransu su yi karatu, su koyi noma da sana'a. Bai tura wasu ya zauna a inuwa ba. Shi da kansa ya bar birnin da ya gina ya tare a Wurno, daga can ya fita yaƙin Gawakuke a 1836, a can kuma ya rasu a 1837. Allah Ya jiƙansa.

Zuriyarsa ba su manta da shi ba. Sardauna Ahmadu Bello jikan ɗansa Abubakar Atiku na Raba ne, wato tattaɓa kunnensa, sunansa ma ya ɗauka. Sarkin Musulmi na yanzu shi ma daga tsatsonsa ya fito.

To, ina matsayin sa wa kabarin magabaci alama? Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya aza dutse a kabarin Usman bin Maz'un, Muhajiri na farko da aka binne a Baƙi'a, don a gane wurin, a binne iyalansa kusa da shi. Ke nan alama tana da asali. Hani kuwa ya zo a Sahihu Muslim a kan gini bisa kabari da shafe shi da farar ƙasa. Wanda ya je ziyara ya yi sallama, ya roƙa wa mamacin gafara, buƙatarsa kuma ya kai ta ga Allah shi kaɗai.

Amma jama'a, don Allah mu duba inda kabarin yake. Mutumin da ya kafa Sakkwato ba a Sakkwato aka binne shi ba, a bakin daga ya kwanta. Mu da muka san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, muka san abin da dajin Kamuku ya zama, mun ga ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma daji. Shekaru nawa yaran rugage suka tashi ba makaranta, ba malami, ba wanda ya leƙa su? Wannan giɓin Bello ya toshe tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce.

Duk mai alfahari da kakansa, ya kula da makwancinsa yadda shari'a ta yarda, sannan ya ɗauki nauyin malami ɗaya a ƙauye ko ruga. Masu mulki kuma su kusanci iyakar da talakawansu ke kwana cikin tsoro.

Allah Ya gafarta wa magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wallahu a'alam.